Jinya a Gida: Nauyinta da Haƙƙin Masu Ɗauke da Ita

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga abu guda, wato jinyar da ake ci gaba da yi a cikin gida bayan asibiti ya sallami mutum, da kuma halin da masu lalurar nakasa suke ciki a birnin Kano. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda suka roƙa. Ina amsa su ne da abin da na koya a shekarun da na yi ina aikin jinya a asibiti, da kuma abin da na koya a ɗakin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, a shekara huɗun da ta yi a kwance.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Hajiya. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata bakwai da suka wuce sakamakon hawan jini. Mu tara ne a wurinsa, amma da yake ni ce aurena ya mutu nake zaune a gida, sai jinyar ta faɗo kaina ni kaɗai, domin mahaifiyarmu ma ciwon ƙafa ya hana ta sakat. Yayyena maza suna aiko da kuɗin magani, ba su gaza ta nan ba, sai dai ni ce juyawa, ni ce wanki, ni ce ba da abinci, dare da rana. Yanzu bayana ya riƙe, na daina ɗinkin da nake yi, kuma na ga wani wuri a ƙugunsa ya fara yin duhu. Na ce a ɗauko mai taimako a riƙa biyansa, babban yayanmu ya ce abin kunya ne bare ya yi jinyar ubanmu muna raye. Don Allah ki ba ni shawara.
Daga wata baiwar Allah a Gwammaja.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya saka miki da mafificin alheri. Zan fara da wurin nan da kika ce ya yi duhu, domin shi ne ba zai jira taron dangi ba. Wannan ita ce alamar farko ta gyambon kwanciya, wanda yake samuwa idan nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi na tsawon lokaci har jini ya kasa isa wurin. A jikin baƙin mutum ba kasafai yake nuna ja ba, duhu yake yi ko ya yi kamar shuɗi-shuɗi, idan kika taɓa kuma ki ji ya fi kewayensa ɗumi ko tauri. Daga yau kada a sake kwantar da shi a kan wurin, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa idan yana kwance ta gefe, a kuma sa wani a ƙarƙashin ƙwaurinsa don dunduniya ta ɗaga daga katifa. Kada ki murza wurin, kada ki gasa shi da ruwan zafi, kada ki shafa man zafi, domin duk waɗannan suna ƙara lalata naman da ya riga ya raunana. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari a rufe ta da zanen auduga, kada ta taɓa fatarsa, musamman a zafin watan Maris da Afrilu, kuma zanen ya kasance a miƙe ba ƙudundune ba, babu ɓarɓashin abinci a kai. Idan fatar ta fashe, ko ta fara ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya shigo, to a kai shi asibiti a ranar, domin gyambon da yake kamar kwabo a sama yana iya yin rami har ƙashi a ciki.

Ina faɗa miki wannan da nauyin zuciya, domin ni da nake koya wa wasu haka sai da ya faru a hannuna. A shekara ta biyu ta jinyar mahaifiyata na yi kwanaki ina fama da mura, barci ya riƙa ɗauke ni bayan sallar isha'i har asuba. Wata safiya ina cire mata safa sai na ga dunduniyarta ta hagu ta yi baƙi kamar an ɗiga mata tawada. Wata uku muka yi muna wankin wannan ciwo. Ilimi ina da shi, abin da na rasa a makon nan shi ne mutum na biyu da zai tashi ƙarfe biyun dare a madadina. Juyi duk awa biyu yana nufin sau goma sha biyu a kwana ɗaya, kuma babu ɗan Adam ɗin da zai yi wannan shi kaɗai wata bakwai jikinsa bai rushe ba. Ciwon bayanki daga nan ya fito.

Akwai dabarar da za ta rage miki wahala kafin a samu mataimaki. A ninka zane mai ƙwari gida biyu a shimfiɗa shi a ƙarƙashin Baba daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ja shi da zanen, maimakon a rungume shi a ɗaga. Kada a taɓa jan sa ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar ba ta da ƙarfin riƙe kanta, tana iya gocewa ta bar shi da ciwon da zai hana a yi masa gashi, wato motsa gaɓoɓin da ma'aikatan asibiti suke yi wa mara lafiya. Wajen abinci kuma a zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali a hankali, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Idan kin lura yana tari ko muryarsa tana canzawa bayan ya sha ruwa, ki gaya wa likita, domin mai wannan lalura sau da yawa ruwa tsinkakke ya fi sarƙe shi a kan kunu mai kauri, abin da ya bi ta hanyar iska kuma yana haifar da ciwon huhu. Maganin hawan jini ba a dakatar da shi don an ga sauƙi. Haka nan kada a yanke zuwa gashi, akwai sashensa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma ki roƙi ma'aikacin ya nuna miki motsin da za ki riƙa yi masa a gida da hannunki a gabansa har ya tabbatar kin iya.

Sai maganar yayanku. Na fahimci abin da yake gudu, domin a garin nan ana auna 'ya'ya da yadda suka riƙe iyayensu, kuma ba ya son a ce sun ba da kwangilar ubansu. Amma a ganina ya duba kunyar ta gefe ɗaya. Dattijon da ya haife ki, wanda wataƙila tun kina ƙarama ba ki taɓa ganin sa babu riga ba, yau ke ce kike yi masa tsarki. An tambaye shi yadda yake ji da hakan? Na ga tsofaffi maza da suka rage cin abinci da shan ruwa da gangan, don kawai kada bayan gida ya kama su 'yarsu ta zo ta gyara. Namiji baligi mai amana da zai riƙa yi masa wanka da tsarki da alwala sutura ce a gare shi. Idan yayanku ba ya son bare, hanya a buɗe take: ku tara ne, maza su raba kwana a tsakaninsu, kowa ya san darensa. Idan kasuwa ko ofis ba za su bari ba, to kuɗin da za a biya wanda zai tsaya a madadinsu yana cikin biyayyar da ake magana a kanta. Kyautata wa iyaye da Allah Ya yi umarni da shi a Suratul Isra'i, musamman idan tsufa ya riske su, bai ware ɗiya mace da aurenta ya mutu ya ɗora mata ita kaɗai ba.

Ki nemi wani babba da yayanku yake jin nauyinsa, kawu ko baffa ko limamin unguwa, a zauna a gaban Baba idan yana iya fahimta, ko da da kai zai amsa. Ki zo da lissafi a rubuce: sau nawa ake juyi, famfas nawa ake ci a mako, nawa kike samu a ɗinki kafin ki daina. Wannan na ƙarshe kada ki ji kunyar faɗarsa, domin shi ma kuɗin jinya ne, ke ce kawai kike biyan sa a ɓoye. Idan an amince a ɗauki mutum, a nemo shi ta hannun ma'aikatan asibitin da suka san aikinsa, ya kawo wanda zai tsaya masa, mai unguwa ya san da shi, a kuma gwada shi mako guda kina wurin kina kallon yadda yake magana da Baba kafin ya taɓa shi. Ku kuma bambance mai kula da ma'aikacin jinya mai rajista da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Allura da ƙarin ruwa da canza robar fitsari aikin mai rajista ne, kada a bar wanda bai koya ba ya gwada a jikin mahaifinku don neman sauƙin kuɗi.

Tambaya ta biyu

Hajiya barka da aiki. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, na yi makarantar koyon aikin lafiya amma ban samu aikin gwamnati ba. Shekara guda ke nan ina kula da wani dattijo mai gigin tsufa. Mun yi da 'ya'yansa za su riƙa ba ni naira 45,000 a wata, amma yanzu wata uku rabi-rabi ake ba ni. Ba ni da ranar hutu, ana aike na cefane da wankin mota, shi kuma tsohon yakan ce na sace masa kuɗi a gaban baƙi. Abokaina suna ce mini mai kwasar kashi. Na shaƙu da shi, ba na son barin sa, amma na gaji. Shin wannan aikin sana'a ce da mutum zai tsaya a kanta?
Daga wani matashi a Hotoro.

Ɗana, sana'a ce, kuma buƙatarta ƙaruwa take yi a Kano, domin gidajen gandu da a da ake samun hannaye goma a tsakar gida ɗaya suna watsewa, 'ya'ya suna Abuja da Legas da ƙasashen waje, mata suna fita aiki, masu hawan jini da ciwon suga kuma suna daɗewa a raye da lalurarsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2023 ta ware ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da masu aikin kulawa da tallafi, waɗanda ake biya da waɗanda ba a biya. Abokanka kuwa ka bar su, duk wanda Allah Ya ja kwanansa zai buƙaci hannu irin naka.

Sai dai sana'a ba ta tsayuwa a kan kunya da kara. Kuskuren da aka yi tun farko shi ne yarjejeniyar baki. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ba ta tilasta wa gida mai ma'aikaci ɗaya. Duk da haka ma'auni ce da za ka iya ɗorawa a faifai, ka nuna musu cewa aikin dare da rana ana biyan sa ƙasa da abin da ƙasa ta ɗauka a matsayin mafi ƙaranci. Abin da aka yi alkawari kuwa bashi ne a shari'a da doka, kuma hadisi ya zo da umarnin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ka nemi zama da babban ɗansa cikin ladabi, ku rubuta takarda a gaban shaidu biyu, a bayyana albashi da ranar biya, da awannin aiki, da kwana ɗaya na hutu a mako da wanda zai karɓe ka a ranar, da ayyukan da suke naka da waɗanda ba naka ba. Ka nuna musu cewa duk lokacin da aka aike ka kasuwa, mahaifinsu ne aka bari shi kaɗai, mai gigin tsufa kuma minti biyar ya ishe shi ya buɗe ƙofa ya bi titi ko ya kunna gas. Idan sun ƙi biyan ragowar kuɗinka, ka fara da mai unguwa, idan ta ƙi sai ofishin Hisba, inda ake sulhunta irin wannan. Idan tafiyar ce ta zama dole, ka ba su wa'adin mako biyu ko wata guda su nemi wani, kada ka tafi dare ɗaya alhakin ya faɗa kan tsohon da bai san abin da ake ciki ba.

Zargin sata da yake yi maka yana cikin ciwon. Ƙwaƙwalwar da ta manta inda ta ajiye abu takan cike gurbin da cewa an ɗauke, kuma wanda ya fi kusa shi ake fara nunawa. Kada ka yi musu da shi, ka ce masa, “Baba, bari mu duba tare,” ka kuma lura da wuraren da yake ɓoye kaya, ƙarƙashin matashi ko cikin hula ko aljihun tsohuwar riga. Amma don kare mutuncinka, ka roƙi 'ya'yansa su ɗauke kuɗi masu yawa da takardu daga ɗakin, kuma ka buɗe littafi kana rubuta maganin da ya sha da lokacinsa, da abin da ya ci, da duk kuɗin da aka ba ka da abin da ka saya. Wannan littafi zai amfani likita, zai kuma zama shaidarka. Abu biyu nake roƙon ka kada gajiya ta kai ka gare su, ko da 'yan gidan ne suka ce ka yi: ɗaure shi ko kulle shi a ɗaki, da ba shi maganin barcin da likita bai rubuta ba. Idan rikicin dare ya yi yawa, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, domin wani lokaci ciwon fitsari ko taurin bayan gida ne yake ƙara birkita tsoho.

Tambaya ta uku

Hajiya, ni shan-inna ta same ni tun ina yaro, da keke nake yawo. Na gama digiri, ina neman aiki. Mun ji an ce an yi dokar masu buƙata ta musamman, amma har yau idan na je banki a waje ake sallamata, ofisoshi da yawa kuma sai an ɗauke ni kamar kaya. Me dokar ta ce, kuma ina za mu kai kuka?
Daga wani malami a Tudun Murtala.

Malam, dokar tana nan. Ita ce dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, bayan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa tun 2010. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, mutum ɗaya kuma tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa, ta ba ku fifiko a layi, ta hana amfani da mai nakasa wajen bara, ta kuma ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyinsu. Wannan wa'adi ya cika a watan Janairun 2024. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020, wadda James Lalu ya fara jagoranta, daga baya a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan. Jihar Kano ma tana da tata dokar tun zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje.

Abin da kake gani a ƙofar banki shi ne tazarar da ke tsakanin takarda da aiki, kuma ba na jin za ta rufe da kanta. Har inda aka yi gangaren ma sau da yawa an yi shi a tsaye kamar na shigar da babur zaure, alhali ƙa'idar da aka sani ita ce kowane tsayin taku ɗaya yana buƙatar tsawon taku goma sha biyu, ma'ana matakala mai santimita 15 tana buƙatar gangare mai kusan mita biyu kafin mai keke ya hau da kansa. Shawarata ita ce ka mayar da kukanka rubutacce. Ka rubuta wa shugaban wurin takarda, ka ambaci rana da abin da ya faru da sunan dokar, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, sannan ka aika wani ga hukumar masu nakasa da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ke nan Kano. Ka yi hakan tare da reshen JONAPWD na jiha, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa, domin takarda mai sa hannun mutum hamsin ba a jefa ta a kwandon shara da sauƙi. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar ma'aikata kuma ka nema, ka ambaci kason nan na kashi 5 a takardarka.

Ku masu shan-inna a garin nan kuna da tarihin da za ku tsaya a kai. Ƙungiyarku ce take ƙera kekuna masu ƙafa uku da hannunta, 'ya'yanta ne suka bi gida-gida suna roƙon iyaye su bari a ɗiga wa yara rigakafi bayan dakatarwar da aka yi a 2003, har aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan-inna. Ƙwallon guragu ma ɗan Kano ne, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ta. Ina kuma roƙon kwamitocin masallatanmu na Juma'a su fara gyara matakalarsu da wurin alwala tun kafin hukuma ta zo.

Tambaya ta huɗu

Hajiya, ɗana shekararsa huɗu, ba ya zama, ba ya magana, jikinsa yana sanƙarewa, yawu yana zuba. Da aka haife shi bai yi kuka ba sai da aka daɗe, kuma ya yi ciwon shawara a makon farko. Surukata ta ce ɗan ruwa ne, mun kashe kuɗi da yawa wajen masu magani. Yanzu ina da juna biyu, ba na iya ɗaukar sa. An ce za a kawo mini yarinya 'yar shekara goma daga ƙauye ta riƙa kula da shi. Ya kike gani?
Daga wata uwa a Ɗorayi.

'Yata, ɗanki mutum ne ɗan mutum, ba ɗan ruwa ba ne, kuma ba laifinki ba ne. Abin da kika kwatanta ya yi kama da lalurar da ke samun yaro idan wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ya ji rauni kafin haihuwa ko lokacinta ko jim kaɗan bayanta, kuma abubuwa biyun da kika ambata, rashin numfashi da wuri da shawara mai tsanani, suna cikin manyan sanadinta a ƙasar nan. Likitan yara ne zai tabbatar bayan ya duba shi. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya yaɗuwa, kuma babu jiƙo ko hayaƙin da zai goge shi, amma gaɓoɓi suna ƙara ƙagewa idan an bar yaro a kwance wuri ɗaya, suna kuma saki idan ana motsa su kullum. Da yawa daga cikin yaran nan suna fahimtar abin da ake faɗa fiye da yadda jikinsu yake bari su nuna, saboda haka a daina maganar ɗan ruwa a gabansa. Ki riƙa yi masa hira, ki ɗaga masa kofi da ayaba ki ce wanne yake so, ki jira idonsa ya nuna miki. Addu'a ba a barin ta, sai a haɗa ta da asibiti, kuma zai yi kyau mijinki ya tafi da mahaifiyarsa ranar ganin likita ta ji bayani da kunnenta, domin daga bakinki zai yi mata wuyar karɓa.

Maganar yarinya kuwa ban goyi baya ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida. Ko babu doka, 'yar shekara goma ba za ta iya ɗaga yaro ɗan shekara huɗu mai sanƙarewa ba tare da ta yar da shi ko ta ji wa bayanta ciwo ba, ba za ta gane lokacin da abinci ya sarƙe shi ba, idan farfaɗiya ta zo kuma, wadda takan haɗu da wannan lalura, ba ta san abin yi ba. An raba ta da makaranta, an kuma ɗora mata alhakin da idan wani abu ya faru ita za a daka. Kuɗin da za a aika wa iyayenta, da abin da ake kai wa masu magani, a haɗa a biya babbar mace a unguwa, bazawara ko dattijuwa mai sauran ƙarfi, ta riƙa zuwa daga safe zuwa azahar, ki tafi da ita wurin gashi sau biyu ko uku ta koyi riƙo da ciyarwa. Da yamma mahaifinsa ya karɓi wanka da ɗauka, domin ɗansa ne.

Ki roƙi ma'aikacin gashi ya auna shi ya zana miki kujerar kusurwa, wadda kafinta zai iya haɗawa da katako da soso da maɗauri, don ya riƙa zama a tsakar gida cikin 'yan'uwansa yana cin abinci kansa a miƙe, ba a kwance a kan cinya ana ɗura masa ba. Ki kuma tambaya a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na hukumar KSCHMA ta jihar Kano a rukunin masu rauni. Cikin da kike ɗauke da shi kuma ki riƙe awo da muhimmanci, ki gaya wa ungozoma labarin haihuwar farko tun yanzu, ki haihu a asibiti. A kwanakin farko ki riƙa fito da jaririn hasken rana kina duba farin idonsa da dasashinsa, ki danna goshinsa da yatsa ki ga launin da zai nuna. Idan kin ga rawaya, ko ya ƙi kama nono, ko barcinsa ya yi nauyi, kada a jira suna, kada a tsaya shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos, a tafi asibitin yara na Hasiya Bayero ko mafi kusa da ku a ranar, a auna jininsa a sa shi a fitilar da ake maganin ciwon shawara da ita.